Sifana a Hannun Tsoho

Matata ta ce ni ne mutum na farko da ta taɓa gani ya sayi tarakta alhali ko tukunyar na'ana'a ba shi da ita a baranda. Ban yi mata musu ba. A hawa na huɗu muke zaune a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira, kuma ƙasar noman da ta fi kusa da mu ita ce wadda take zubowa daga buhun dankali idan an zazzage shi. Duk da haka na saya.

Ba babbar tarakta ba ce. Ƙaramar nan ce ta lambu mai taya biyu, wadda mutum ke bin ta a baya yana riƙe da ƙahonninta, Misirawa suna ce mata azzaƙa. Na gan ta ne a wurin wani mai sayar da dashen itatuwa a hanyar fita gari, ta tsufa, ta yi tsatsa, kaji sun mayar da ita wurin kwana. Ina ganinta sai na tuna fadamar garinmu, inda mutum ɗaya tak yake da irinta, sauran jama'a kuwa suna fama da fartanya suna kallonsa ta wutsiyar ido. Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, da na gama sai na zauna ina yi wa marasa lafiya da 'yan kasuwar gida tafinta. Aikin baki ne daga safe har yamma, hannuna kuwa yana ƙaiƙayin abin da zai taɓa. Na ɗauko ta a bayan babur mai ɗaukar kaya, mai gadin gidanmu ya ba ni wani lungu a ƙasan bene, dab da titi, na je kasuwar Ataba na haɗo kayan aiki. Kowace Juma'a idan aka sauko daga masallaci, sai in tuɓe jallabiya in sa tsohuwar riga in durƙusa mata.

Wata huɗu na yi a haka. Na goge tsatsar da kananzir, na wanke kafireta, na sa sabon fulogi, na canza igiyar tayarwa, har jan fenti na shafa mata ta fito fes. Sai dai idan na ja igiya, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ni kuwa mutum ne mai saurin hasala, wannan ko matata za ta ba da shaida ba tare da an rantsar da ita ba. Wata Juma'a na ja igiyar har kafaɗata ta sage, na ɗaga ƙafa na shuri tayar, na shiga zazzaga mata zagi da Hausa, tunda na tabbata babu mai ji a titin nan.

"Kada ka zage ta, ya waladi, ba laifinta ba ne."

Na waiwaya cikin kunya. Wani dattijo ne dogo, siriri, cikin farar jallabiyar da ta yi masa yawa, da dardumarsa a kafaɗa. Hausarsa irin ta mutanenmu na Sudan ce. Ya ce in ja igiyar a hankali yana so ya ji. Na ja, ya karkatar da kai yana saurare, sannan ya ce ba ta riƙe iska, bawul ne ba ya rufewa da kyau. Abin da na yi wata huɗu ina nema, shi ya ji shi da kunne yana tsaye.

Mun daɗe muna hira a ranar. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a yankin Jazira na Sudan, zangon ya zama gida. Shi kuwa tun yana saurayi yake gyaran taraktoci a gonakin auduga, har ya buɗe garejinsa, ya yaye kanikawa da yawa. Yaƙi ne ya taso su, shi da 'yarsa da jikokinsa, suka baro garejin da kayan aikin a rataye. Layi biyu ne tsakanin gidansu da namu.

Bayan kwana biyu 'yar tasa ta zo wurin matata, ta ce ta zo godiya. A nan muka ji abin da shi bai faɗa ba. Tunda suka zo Masar, in ji ta, Baba ba ya fita sai masallacin Juma'a. Yakan wuni a zaune yana kallon bango, abinci sai an yi da gaske yake cin loma biyu, ya rame har tana jin tsoron kallonsa. Likita ya duba shi bai ga ciwo ba. Amma ranar da ya dawo daga wurina, sai da ya cinye abincinsa tas yana ba jikoki labarin wani Bakano mai zagin inji. Ta roƙi arziki a bar shi ya riƙa zuwa, ko Allah zai sa ya dawo hayyacinsa.

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina, na kuma ɗauki abin da muhimmanci. Na sayo kujerar roba mai hannu, na sa mata matashi, na ajiye ta a inuwa. Na sa matata ta dafa shayi mai kauri a fulas. Da ya iso na tarye shi, na karɓi dardumar, na zaunar da shi. Ya ce a kwance kan injin. Na ɗauki sifana na fara, notin farko ya ƙi motsi, sai na ga ya miƙe ya naɗe hannun riga ya miƙo hannu.

"Haba Baba, ina tsaye ka yi aiki? Zauna, kai dai faɗa mini."

Ya koma ya zauna. Wanda ya tashi a inda na tashi ya san ba wani abu na yi ba face abin da aka koya mini. Mahaifina har ya bar duniya ban taɓa barin ya ɗauki ko buta ina wurin ba. Idan babba ya sunkuya zai ɗauki tsintsiya, jikinka ne zai yi tsalle kafin ka yi tunani. Saboda haka duk lokacin da Baba ya kai hannu kan wani ƙarfe, sai in riga shi. Sau ɗaya ma har ya ɗauki sukudireba, na sa hannu biyu na karɓe cikin ladabi, na mayar masa da kofin shayi. Ina ta jin kaina a matsayin ɗa nagari.

Juma'a ta biyu ya yi ta ba ni umarni daga kan kujera, ni kuma ina ta kwaɓawa. Ta uku ya zo, ya zauna, ya haɗa hannuwansa a cinya, bai ce komai ba sai tamam da ma'alish, wato to da ba komai. Ta huɗu bai zo ba, ta biyar ma haka. Na ce wa kaina jikin tsufa ne, na ci gaba da aikina, har da ɗan jin haushi cewa ko saƙo bai aiko ba.

Matata ce ta haɗu da 'yar a wurin sayen burodi. Ta dawo ta ajiye ledar a gabana da ƙarfi, ta ce Baba ya koma kallon bango, abinci ma ya koma yadda yake. 'Yar ta yi ta lallashinsa ya zo wurina, ƙarshe ya ba ta amsa.

"Ka san me ya ce mata? Cewa ya yi, in dai zama ne, akwai kujera a nan ma."

Na fara kare kaina, na ce girmama shi na yi. Ta ce ta sani, shi ma ya sani, shi ya sa bai iya cewa komai ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gaban malamaina. Mutum ya rasa gida, ya rasa gareji, abin da ya tsira da shi kawai shi ne hannuwansa, ni kuma na bi na karɓe su ina murmushi.

Ban san yadda ake ba dattijo haƙuri kan an girmama shi ba. Na yi kwana biyu ina juya maganar a baki, ba ta zauna ba. Ƙarshe na je na kwance kan injin da bawul ɗinsa biyu, na naɗe su a buhu, na hau benensu bayan la'asar. Na same shi kamar yadda aka faɗa, ya ƙara zabgewa. Bayan gaisuwa na buɗe buhun a gabansa.

"Baba, ta gagare ni."

Ba ƙarya na yi ba, na gwada gyaran da kaina na ɓata. Ya daɗe yana kallon ƙarfen bai taɓa ba, ina jin yana jira ya ga ko zan riga shi. Na tura hannuwana ƙarƙashin cinyoyina na danne su. Sai ya ɗauki bawul ɗaya ya kai kusa da ido, ya shafa bakinsa da babban yatsa, ya tambaye ni wane azzalumi ne ya goge wannan da takardar yashi. Na ce ni ne. Ya girgiza kai, ya ce in nemo man niƙa bawul, mai kaushi da mai laushi, ranar Juma'a zai zo.

Ya zo. Na shimfiɗa masa kwali a ƙasa, ya durƙusa a kai da kyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ni kuwa da na rasa inda zan sa kaina, sai na hau kujerar na zauna. Ya shafa man a bakin bawul ɗin, ya maƙala masa wani guntun sanda mai roba a kai, ya shiga murza shi tsakanin tafukansa kamar mace tana burga miya. Ya murza, ya ɗaga, ya ɗan juya, ya sake murzawa. Da farko ana jin ƙarar yashi-yashi, a hankali ta koma sumul. Ya ce da kunne ake sanin ya zauna, ba da ido ba.

Zaman nan ya fi mini jan igiya wahala. Mai gadin gidanmu ya fito ya gan mu, ya tafa hannu ya ce da Larabci wannan abin kunya ne, malami guda ya harɗe a kujera tsoho yana ƙasa. Wasu ɗalibai 'yan gida suka zo wucewa, suka gaishe ni, suka kalli Baba, suka sake kallona, na san abin da za a faɗa a ɗakin kwanansu. Gumi yana ɗiga daga gemunsa, sau biyu noti ya kuɓuce masa ya gangara, na bar shi ya lalubo da kansa. Kowane lokaci sai in ji kamar an tsikare ni. Aikina bai wuce miƙa abin da ya nema ba, shi ma idan na miƙa sifanar da ba ita ba sai ya harare ni ya ce da a garejinsa ne da shara zan yi shekara ina yi.

Juma'a uku muka yi a haka. Ya sa sabon gaskit, ya daidaita bawul ɗin, ya sake kwance kafiretar da nake alfahari da ita ya fitar da datti daga wani ɗan rami da ban ma san da shi ba. Jallabiyarsa ta yi baƙi a gwiwa. 'Yarsa ta aiko wa matata cewa ta gaji da wanki, amma kada mu kuskura mu daina.

Ranar da aka gama haɗawa, ya zuba mai da kansa, ya naɗe igiyar, ya kafa ƙafa a jikin taya ya ja. Yanzu injin yana riƙe iska, igiyar ta yi nauyi, ta fizge daga hannunsa. Ya sake naɗewa ya ja, ya yi tangaɗi har sai da ya dafa bango. Na miƙe tsaye, na kai hannuwana baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Na ji tsoron kada ya faɗi, na kuma fi jin tsoron in matsa kusa. Ya ja na uku, injin bai ko juya rabi ba. Ya tsaya yana haki, ya dubi tafin hannunsa, ya dubi igiyar. Ya daɗe a haka.

Can sai ya juyo, ya miƙo mini igiyar da kansa.

"Zo ka ja, ɗana. Ni zan riƙe mata mai."

Ya durƙusa ya ɗora yatsa a kan kafireta, ya gyaɗa mini kai. Na ja sau ɗaya. Ta yi tari, ta sake yi, ya ɗan taɓa wani abu, sai ta kama, hayaƙi ya turnuƙe lungun, ƙarar ta cika titi har masu shaguna suka leƙo. Hawaye suka zo mini, na bar su, tunda akwai hayaƙin da zan ɗora wa laifi.

Baba bai yi murmushi ba. Ya karkatar da kai yana saurare, ya daɗe, sannan ya kashe ta ya goge hannu a jallabiya. Ya ce giyarta tana kuka, sai an buɗe, kuma aikin ba na yini ɗaya ba ne. Ya tambaye ni ko ina da aiki ranar Talata, don shi Juma'a ta yi masa nisa.