Keken Yaya a Gonar Tsohuwa

Shekara ashirin Mai Hoto ya yi yana ɗaukar fasfo a ɗan shagonsa na bakin tasha. "Ɗaga haɓa, banda murmushi." Matarsa kan ce ko cikin barci faɗin haka yake. Da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, jama'a suka cika makarantar firamaren gari, sai sana'ar ta juya. Ba mai son ganin fuskarsa yanzu, kowa gonarsa yake tambaya.

Da hantsi yakan hau babur, kyamara cikin buhun taki, ya tsaya kan tudu ya ɗauko fili daga nesa: ƙonannun rumbuna, hanyar da ciyawa ta cinye. Sau biyu 'yan sa-kai suna tare shi, suna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya. "Ba mutum ko ɗaya a ciki. Wa kake zana wa hanya?"

Wata rana wata tsohuwa daga cikin masu kwana a makarantar ta roƙe shi hoton gonar marigayi mijinta, can ƙetaren rafi. Ya tarar da masara koriya shar, an yi mata noma biyu. Kowa ya sani, ba mai noma a can sai wanda ya daidaita da mutanen daji. Da ya buɗe hoton a kwamfuta ya ƙara masa girma, sai ga keken yayansa jingine da bishiya, har da jan ƙyallen sirdin.

Da la'asar ya iske yayan ƙofar gida yana wanke ƙafa da buta.

"Yaya, ina ka yini?"

"Kasuwa."

Ya miƙa masa hoton. Butar ta suɓuce daga hannun yayan.

"Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa," ya ce ƙasa-ƙasa. "In 'yan sa-kai suka ga wannan, gawata za ka ɗauka."

"Gonar baiwar Allah ce fa, Yaya."

"Bar ni in girbe. Zan kai mata."

Washegari Mai Hoto ya yanke gefen hoton da keken ya fito, ya goge na asali. Tsohuwa tana cikin dubawa sai ga shugaban 'yan sa-kai a bakin ƙofa.

"Wa ya noma wannan?"

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe."

Mutumin ya daɗe yana kallonsa, sannan ya saɓa kyamarar ya fita. Ba ta dawo ba.

Da kaka aka ga buhu uku na masara a ƙofar ajin da tsohuwa take kwana. 'Yan'uwan biyu suna gaisawa har yau, amma ba su ƙara cin abinci kwano ɗaya ba.