Farantin Kitsen da Daktora Ta Ƙwace

Ko na manta komai a rayuwata, ranar da wata yarinya ta ƙwace mini farantin kitse a kasuwar Suk al-Arabi ba za ta fita raina ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da hawa mulki ba, sukari ma sai da katin rabo ake samu. Ni kuwa ko a jikina, domin tun da aka ce ina da ciwon sukari na rabu da shi. Agashe nake gasawa, wato tsire, sana'ar da na gada tare da yayana, kafin ɓarin jikinsa ya shanye ya kwanta a gida. Shi ma ciwon sukari ne da shi. Kitsen da muke yankewa daga jikin nama ba ma zubarwa, gasa abinmu muke yi mu ci da yaji. Ai ba zaƙi gare shi ba! Har taƙama nake wa mutane cewa ba wanda ya kai ni kiyaye doka.

Yarinyar nan 'yar maƙwabcinmu ce a unguwar Alhilla Kuku, a gabana aka yi sunanta, ta girma ta zama likita. Ran nan ta tsaya sayen agashe, ta tarar da ni ina lodar kitse.

"Baba, wannan kullum kake ci?"

Na ce, "Daktora, sukari kuka hana ni, kuma na bari."

"In ka yi tafiya, ƙafarka tana ciwo?"

Ta kuwa canka, don daga tasha zuwa rumfata sai na tsaya sau biyu sha-raɓata ta huta. Kawai ta ɗauke farantin. Wallahi raina ya ɓaci, a gaban masu saye fa! Na ce mata ni ba sa'anta ba ne. Ta ce in yi faɗana in gama, amma gobe da safe in same ta a asibiti a Omdurman, kada in karya.

Na je ne don kunyar ubanta. Aka ɗebi jinina, aka shafa mini wani abu mai sanyi a wuya, aka ɗora na'ura. Ta nuna mini jijiyar da ke kai jini kaina, bangonta ya yi kauri, hanya ta fara tsukewa. Ta ce kitsen jini iri biyu ne, wani maƙalewa yake a bango, wani kuma sharewa yake, kuma a jikin mai sukari mai maƙalewar ya fi samun wuri. Nawa ya hau, mai sharar ya yi ƙasa.

"Baba, ka san yadda kitse ke daskarewa a tirenka in wuta ta mutu? To haka."

Nan na tuna da yayana. Na ce, "Abin da ya kwantar da yayana ke nan?" Ta ce ba ta duba shi ba, amma hanyar da nake kai can ta nufa. Na yi kuka a gabanta, ban ji kunya ba.

Na sha magani, na bar kitse, na riƙa tattaki kowace safiya ina ƙunƙuni. Yau ga ni da furfura, da ƙafata nake zuwa masallaci. Allah Ya saka mata da alheri, Ya jiƙan yayana.

Abin da na koya shi ne, kiyaye doka ɗaya ba ya sa mutum ya san ciwonsa, kuma wanda ya kunyata ka don ya cece ka masoyinka ne. Shekara da shekaru muna cin faranti ɗaya da yayana, ni kaɗai aka samu mai ƙwace mini.