Ranar da Na Ƙi Sa Hannu Kan Baƙin Gangaren Jojiya

Wannan safiya ba ta taɓa fita daga raina ba. Lahadi ce, ƙarfe goma da minti ashirin, a farkon sanyin bara waccan. Mu huɗu ne a ofishinmu na shirya tafiye-tafiye da ke unguwar Zahir a nan Makka: ni, da mudir ɗinmu Ustaz Nabil, da Hajiya Balki mai teburin biza, sai wani ɗan kasuwa da ya daɗe yana hulɗa da mu, ana kiransa Abu Rayyan.

Bari in fara jera muku yadda aikin yake, don akwai sababbin ma'aikata a cikinku. Mudir ne a sama, hatimi yana hannunsa. Ƙarƙashinsa akwai mai teburin hajzi, wanda ke kama wa matafiya jirgi da masauki da motar da za ta tarbe su. Shekara goma sha ɗaya ina kan wannan tebur. A lokacin, duk tafiyar da ke da haɗari a cikinta, ta teku ko ta dutse, sai an haɗa fayil ɗinta da takarda guda da muke kira takardar shawara. Mai hajzi ke rubuta ta, ya sa hannu a layin ƙasa, sannan mudir ya buga hatimi. In babu hannun, hatimi ba ya hawa. Mahaifin Ustaz Nabil ne ya kafa wannan ƙa'ida, Allah ya jiƙansa.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. A unguwar Hindawiyya aka haife ni, kakana daga Kano ya zo Hajji bai koma ba. Kafin in shigo ofis na yi shekara goma sha huɗu ina aikin Mina lokacin Hajji, ina yi wa alhazai jagora, ina tura tsofaffi a keken marasa lafiya.

Abu Rayyan jikan Hausawa ne kamar mu, amma Hausarsa rabi Larabci ce. Ya zo da buƙata ɗaya. Shi da abokansa huɗu suna so su je sulun ƙanƙara, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara daga saman dutse zuwa ƙasa, da dogayen katakai ɗaure a ƙafa. A irin waɗannan wurare kowane gangare yana da launi a taswira: kore na masu koyo, shuɗi da ja na tsaka-tsaki, baƙi na gwanaye. Wurare uku muke aiki da su, ɗaya a Lebanon, ɗaya a gabashin Turkiyya, ɗaya a Jojiya.

Ya ce, "Ya Ustaz, mu baƙi muke so. Ka duba mana wanda ya fi wuya a cikin ukun, halas."

Ustaz Nabil ya baje taswirorin a tebur, ya ɗauki biro yana ƙirga baƙaƙen layuka. Na Jojiya ya fi yawa. Ya juyo gare ni, ya kira ni yadda ya saba, Ammu, wato baffa.

"Ammu Garba, rubuta shawara. Jojiya."

Na tambayi Abu Rayyan a ina suka koyi sulu. Ya ce a wani katafaren kanti na wata ƙasar Gulf, inda aka gina gangaren ƙanƙara a cikin gini. Sun je sau da yawa, har sun sauko baƙin wurin ba wanda ya faɗi. Sai na ce a ba ni kwana uku.

"Kwana uku don shafi ɗaya?" in ji mudir.

Na ce, "Don hannun da zan sa a ƙasansa."

Litinin da Talata na zauna a kan waya. A kowace ƙasa muna da wakili, na sa kowanne ya nemo mini malamin sulu da ke aiki a dutsen da kansa, ban yarda da ma'aikacin otal ba. Na Lebanon da Larabci muka yi. Sauran biyun wakili ne ya yi tafinta.

Tambayoyin da na yi musu daga Mina na kwaso su. Wanda ya taɓa sauko da tsohuwa a keke daga tantunan da ke jikin dutse ya san tsayin gangare ba shi ne abin dubawa na farko ba. Kafin in saki birki sai na san inda ya fi miƙewa, na san ko ƙasan yana da santsi, na san ko akwai wurin ratsewa in hannu ya gaji, na san abin da ke jirana a ƙarshe. Na taɓa sauko da wata dattijuwa 'yar Sakkwato a wani ɗan gajeren gangare da na raina, ashe an zubar da ruwan wanke-wanke a kai. Da gwiwoyina na tsayar da keken, har yau tabon yana nan. Waɗannan tambayoyi huɗu na yi wa malaman uku, iri ɗaya, a jere ɗaya.

Abu na farko da na gano shi ne, ba wata hukuma guda da ke raba launukan nan. Kowane wuri da dutsensa yake gwada gangarorinsa, wanda ya fi wuya a wurin shi ake shafa wa baƙi. Saboda haka baƙin wani dutse yana iya zama jan wani. Malamin Lebanon ya yi dariya ya ce, "Ya Hajji, dogon gidanku ai gajere ne a gidan maƙwabta."

Ga abin da suka gaya mini. Baƙin Lebanon a miƙe yake daga sama, amma gajere ne kuma yana da faɗi. Kowace safiya mota tana murje shi, ƙarshensa fili ne shimfiɗaɗɗe, kuma wanda ya leƙa ya ji gabansa ya faɗi akwai shuɗiyar hanya da ke zagayawa da shi ƙasa. Na Turkiyya bai kai shi miƙewa ba, sai dai dogo ne ƙwarai, kuma yana fuskantar inuwa. Iska tana share dusar ta bar ƙanƙara tsagwaronta kamar gilashi. Amma a tsakiyarsa yana haɗuwa da jan gangare, mai gajiya yana iya ficewa.

Na Jojiya, wanda ke can ƙololuwa, shi ne wanda Abu Rayyan ke nunawa da yatsa. Mota ba ta hawa ta murje shi. Yana farawa da faɗi, sai ya tsuke tsakanin duwatsu biyu, kuma daidai wurin tsukewar ne ya fi miƙewa. Kujerun igiya ke kai mutum sama, irin talfirik ɗin Ɗa'ifa, motar nan mai tafiya a kan igiya, amma a buɗe, kuma da ka sauka daga kujera babu wata hanya mai sauƙi da za ta kai ka ƙasa. Na sa a tambayi malamin, mutumin da iyakar sulunsa cikin gini ne fa? Wakili ya saurari amsarsa, sannan ya ce, "Ya ce su zo ya koya musu a ƙasa, amma can sama shi ba zai raka su ba."

Na rubuta shawarata a shafi ɗaya. Su je Lebanon. Kwana biyu na farko a jan gangare tare da malami, in ya gamsu su gwada baƙi. Turkiyya sai wata shekara. Ƙololuwar Jojiya ban ba da shawararta ba. Na sa hannu.

Laraba bayan sallar azahar Abu Rayyan ya dawo. Mudir ya karanta takardar a gabansa, na ga fuskarsa tana canzawa.

"Ammu Garba, me na ce ka rubuta?"

"Jojiya ka ce, Ustaz."

"To mene ne wannan?"

"Shawara ce. Abin da aka rubuta a saman takardar ke nan."

Abu Rayyan ya karɓa ya duba, ya kwashe da dariya. "Ya ammi, tsakani da Allah, ka taɓa ganin ƙanƙara in ba a firij ba?"

Na ce, "Ban taɓa ba. Amma ina da tambaya biyu. Baƙin naku na cikin kanti, minti nawa kake yi ka sauko?"

"Wallahi ko minti ɗaya ba na kaiwa."

"In ka kasa tsayawa a ƙasa fa?"

"Ai akwai katifu a jikin bango."

Hajiya Balki, ba ta ko ɗago kai daga fasfunan da ke gabanta ba, ta ce, "To Abu Rayyan, sai ka haɗa da katifar a kayanka, in nema mata biza."

Shi bai yi dariya ba. Ya ce shi ba yaro ba ne, kuma bai zo neman izini ba. Ya riga ya gaya wa mutanen majalisarsu cewa dutsen da ya fi wuya za su hau, yanzu ya koma ya ce musu wani tsoho mai tura keke ya hana shi?

Na ce, "Ban hana ka ba. Fasfo naka ne, ƙafa taka ce. Amma mutum huɗu za su bi ka, kowanne da iyali, kuma za su ce ofis ya duba ya ce ba komai. Ni na duba, kuma akwai komai."

Mudir ya ja ni ɗakin ciki ya tura ƙofa. Ya sassauta murya. Ya ce mutumin nan duk Umrar danginsa da hutunsu ta hannunmu suke bi. Ya ce shi ba ƙarya ya ce in yi ba, in rubuta cewa Jojiya ce ta fi yawan baƙin gangare, ai gaskiya ce.

Na ce, "Gaskiya ce, amma da ita za a rufe wadda ta fi ta. Ba zan sa hannu ba."

"Ammu, kai sa'an babana ne, kada ka sa in yi abin da ba na so. Ko ka sa hannu, ko ka bar tebur."

Na ciro mabuɗin durowa na ajiye masa. Ba abu ne mai sauƙi ba, ba zan ɓoye muku ba. Ina da 'ya'ya mata uku a makaranta, kuma mai shekaruna ba ya samun sabon ofis a garin nan cikin sauƙi. Amma ban ɗauke mabuɗin ba.

Bai kore ni ba. Ya mai da ni tsakar gida wurin jera motocin masu Umra, a tsaye cikin rana, wata huɗu. Abu Rayyan ya kwashe fasfunansu ya kai wani ofis, aka yi musu hajzin Jojiya a yini ɗaya.

Na san kuna jira in ce wani ya karye. Ba wanda ya karye, alhamdu lillahi, kuma ban taɓa roƙon haka ba. Sun dawo su biyar lafiya. Abu Rayyan ya aiko wa mudir hoto, ga su a ƙololuwa sun ɗaga sanduna, fari fat a bayansu. Mudir ya sauko har tsakar gida ya nuna mini a wayarsa, a gaban direbobi.

"Ga mutanen da ka ce ba za su iya ba."

Na duba da kyau. Na ce, "Ustaz, wannan hoton hawa ne, kujera ce ta kai su. Ka nemo mini na sauka."

Direbobi suka bushe da dariya. Hoton sauka bai zo ba har yau, ni kuma ban bi diddigi ba. Wataƙila sun sauko da ƙafarsu, wataƙila an sauko da su. Ko da sun sauko kamar tsuntsaye, amsata ta ranar Laraba ba ta canzawa. Na yi hukunci da abin da na sani a ranar, kuma wanda ya tsallaka titi ido rufe ya tsira bai mai da rufe ido dabara ba.

Bayan wata huɗu hajzin hutun bazara ya cakuɗe, aka mai da ni teburina ba tare da wata magana ba. Na buɗe durowa na tarar da sabon bugu na takardar shawara. Komai yana nan yadda yake, sai layin ƙasa. An cire wurin sa hannun mai hajzi. Yanzu hatimi yana hawa shi kaɗai.

Ban yi gardama ba. Tun daga ranar, duk takardar da ta biyo ta hannuna ina juya bayanta in rubuta da biro: wanda na kira, abin da ya ce, abin da na gani, da rana da sa'a, in sa hannu. Mudir ya gani ya ce wannan ba ya cikin tsari. Na ce bayan takarda ba ya cikin tsarin kowa. Ya bar ni.

Abin da wannan ya koya mini game da sana'armu kaɗan ne, amma na riƙe shi. Mu mutanen Makka mun san dutse, mun san zafi, mun san cunkoso, ba a yi mana wayo a kansu. Ƙanƙara kuwa a hoto muka san ta, shi ya sa launi a taswira yake isar mu. Kuma mai zuwa ofis ba kullum shawara yake nema ba, wani lokaci wanda zai ce masa "to" yake nema, don ya sami abin nuna wa matarsa da abokansa. Ustaz Nabil ba mugu ba ne, tsoron rasa mutum ne ya yi masa yawa. Irin wannan tsoron zai zo wa kowannenku.

Ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki, ɗayanku zai zauna a teburin hajzi. Ga roƙona gare shi, ko gare ta. Ranar farko, kafin ka kunna kwamfuta, ka shiga wurin mudir da ladabi ka nemi a mai da layin sa hannu. In ya ƙi, ka koma wata mai zuwa. Kafin nan ka sayi biro mai kyau, ka ɗaga waya ka kira wanda ƙafarsa ke kan dutsen, ka juya takardar ka rubuta abin da ya gaya maka, ko da kai kaɗai ne za ka karanta.