Mun Je Manga Kwance Magana

Mun tashi da asuba daga Jega, ni da Kaka da kawuna, ran Asabar ɗin farko ta dogon hutu. Dalilin tafiyar kuwa, saƙo ne ya iso ta wurin yaron da ke haya da waya a ƙarƙashin lema a bakin kasuwa: ƙanen Kaka da ke Manga, can bayan Zuru, yana kwance ba lafiya, kuma sunanta yake ta kira.

Ni sai ranar na san Kaka tana da ƙane. Kawu ne ya raɗa mini labarin a tasha. Kaka 'yar duwatsun Zuru ce, aure ya kawo ta Jega ta musulunta, shi kuwa ƙanen ya zama ɗan coci. Shekara ashirin da suka wuce mahaifiyarsu ta rasu, ya binne ta da addu'ar coci bai jira yayarsa ba. Da ta iso washegari, ta tsaya a kan kabarin ta dube shi ta ce, "Allah ya isa tsakanina da kai." Ta juyo, ba ta ƙara taka garin ba.

Na ce wa Kawu, shi ke nan? Ai ni kafin in karya kumallo nakan yi Allah ya isa bakwai: ɗaya ga sauro, biyu ga ƙanena, sauran ga masu ɗauke wuta. Kawu ya ce in rufe bakina, kuma in ci gaba da rufe shi har mu dawo.

Direbanmu mutumin kirki ne mai yawan ambaton Allah. Ya ce in sha Allah yanzu za mu tashi. Wannan in sha Allah tasa sai da ta ci awa biyu da rabi, har na haddace duk rubutun da ke jikin motocin tashar. Mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku, ga buhun albasa a kan ƙafata. Daga Jega zuwa Koko hanya ba laifi. A Koko muka sha fura, na taya dafaffen ƙwai naira goma, mai ƙwan ta ce "albarka", wato a'a ke nan cikin ladabi. Ni ma na ce mata "Allah ya ba da kasuwa", wato ba zan saya ba. Muka rabu kowa ya yi wa ɗan'uwansa addu'a, ba wanda ya ƙaru da ko sisi.

Daga Koko aka shiga hanyar Mahuta, nan ne aka daina hira. Akwai ramin da muka shiga da hantsi, na rantse sai da azahar muka fito. Duk sanda motar ta faɗa wani, fasinjoji su ɗauki salati gaba ɗaya, har da wani soja mai sarƙar gicciye a wuya, wanda nasa salatin ya fi na kowa ƙarfi. Amma ƙasar tana da kyau. Damina ta zauna, dawa ta fi mutum tsawo, duwatsu sun yi kore shar, ga gonaki an jera su hawa-hawa a jikin tudu kamar matakala.

Kaka dai tun daga Jega hankalinta yana wani wuri. Ita da ke tsokanata kullum, tana kirana Takwara tana cewa na sace mata suna da murya, ranar carbi kawai take ja. Da muka wuce Dabai na ga ta daina ja, ta ƙura wa wani dutse ido har ya ɓace.

Zuru ta ba ni mamaki. Ga masallaci, ga coci, ga barikin soja, kowa da harkarsa. Mai awarar da na saya a wurinta a tasha sunan Kirista gare ta, amma da na tambaye ta kasuwa sai ta ce alhamdu lillahi. Muka hau kabu-kabu biyu zuwa Manga, ni da Kaka a kan ɗaya, tana riƙe da rigar mai babur kamar ya ci mata bashi.

Gidan yana gindin tudu, da rumbuna manya-manya kewaye da shi. Mata suka fito da gudu suna gaisuwa cikin yarensu, wasu na kuka. Aka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar mangwaro a ƙofar gida, Kaka ta zauna. To, a nan fa tafiya ta tsaya. Aka ce ta shigo, ta ce tana hutawa. Aka kawo ruwa ta sha, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa, ta ce ta ƙoshi. Matar mara lafiyan ta durƙusa ta ce, "Yaya, tun jiya ko kunu bai sha ba. Ya ce sai ya gan ki." Kaka ta dubi ƙasa. Ɗakinsa bai fi taku ashirin daga tabarmar ba, muna jin tarinsa. La'asar ta yi, ta yi sallarta a nan waje, ta koma ta zauna. Kawu ya fara zancen ko za mu samu motar komawa Zuru.

Ni kuwa zama ya ishe ni, na shiga tsakar gida da ragowar awarata a leda. Ban san gidan yana da maigadi ba. Wani talotalo ne, girmansa ya kai ɗan maraƙi, wuyansa ja kamar an yanka bai mutu ba. Ya dube ni, ya dubi ledar, ya buɗe wutsiya. Na zagaya rumbu sau uku yana bina, takalmina ɗaya ya fita, a zagaye na huɗu ya fizge ledar. Na tsaya daidai ƙofar wani ɗaki ina haki, na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Allah ya isa tsakanina da kai!"

Na jira dariya, don a gidanmu nan ne ake dariya. Ba wanda ya yi. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Wata yarinya ta toshe bakinta da hannu. Daga baya aka gaya mini cewa shekara ashirin ba a furta wannan magana a gidan ba, tsohon ya hana, ko da wasa. Sai na ji murya daga cikin ɗakin da nake tsaye a ƙofarsa, siririya: "Na ji, Yaya. Na ji tun wancan karon."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ina juyowa na ga Kaka a tsaye a bayana, ban san sanda ta taso ba. Ta ce, "Takwara, mi kinka ce?" Na ce da talotalo nake. Ta dubi ƙofar ɗakin, ta ce, "Haka taka da zahi in an ji ta daga waje?" Ta cire takalmi, ta kama hannuna, muka shiga.

Tsohon ya rame ƙwarai, amma hancinsu ɗaya da Kaka. Akwai ƙaramin gicciye na itace a bango. Ta zauna a bakin gadon, suka yi ta magana cikin yarensu, ban tsinci ko kalma ba, na dai ga yana nuna tudu yana girgiza kai. Daga baya Kawu, da ke jin yaren, ya ce a tudun kabarin mahaifiyar su Kaka yake, tsohon yana faɗa mata ne cewa zafi ake a lokacin, gawa ba ta jira. Can sai Kaka ta juya harshe. Ta ce da Hausa ta ɗaura maganar, da Hausa za ta kwance ta, kuma a kira mutanen gida su ji, tunda a gaban mutane ta faɗa. Ɗaki ya cika. Ta ɗora hannu a kansa ta ce, "Na yahe maka, duniya da lahira. Ni ma ka yahe min." Ya ce, "Na yafe, Yaya. Ubangiji ya yafe mana duka." Aka ce amin. Da masu sallah da masu zuwa coci, amin ɗin iri ɗaya ce, ban iya bambance ta wani da ta wani ba.

Ya sha kunu rabin kofi kafin magariba. Da ya ɗan samu ƙarfi ya dube ni ya ce, "Wannan ce amaryar tawa mai faɗa da tsuntsaye?" Na ce ba zan auri mai talotalo ba. Ya ce a yanka shi gobe. Na ci cinyarsa, kuma na yafe masa, ko da yake shi bai nema ba.

Kwana uku muka yi. Ran da za mu taho Kaka ta je kabarin mahaifiyarsu ita kaɗai, ta dawo ta ce wa ƙanenta in sha Allah za ta zo da kaka, in an yanke dawa. Na lura wannan in sha Allah ba irin ta direba ba ce. Muna isa Jega ta sa Kawu ya rubuta mata watan a jikin kalanda.

Abin da na ƙaru da shi ke nan. Kalmomin da nake watsawa kamar ɓawon gyaɗa, su ne wata ta faɗa sau ɗaya suka raba ta da ɗan'uwanta shekara ashirin. Ba a cikin kalmar kaɗai nauyin yake ba, sai an duba wa ya faɗa, a ina, kuma wa ke saurare a bayan ƙofa. A tashar Jega, muna sauka, ɗan kamasho ya taka mini ƙafa da dukkan nauyinsa. Na buɗe baki, Kaka ta juyo tana kallona. Na ce, "Malam, ƙafata ce."