Kwano Ɗaya, Mussa Biyu

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, don haka tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ita kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. Ina yaro, in tana son in ɗebo ruwa, tulu take yi wa magana. In na yi laifi, akuya ce ke shan faɗa ina tsaye ina saurare. Da na girma na koma Bodinga ina koyarwa, sai ta samu wata jar mussa, wato kyanwa a bakinmu na Sakkwato, ta mai da ita 'yar aike tsakanina da ita. Duk abin da take son in ji, mussar take gaya wa.

Bayan rasuwar Baba, shekara biyu na yi ina lallashinta ta baro Lambara ta dawo gidana. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa rijiya, ni kuwa hankalina ba ya kwanciya. Da ƙyar ta yarda. Ta zo da ƙullin tufafi ɗaya da mussarta a cikin kwando, amma turminta da tukwanenta ta bar su can. Wanda ya san tsofaffinmu ya san macen da ta bar turminta ba tashi ta yi ba, ziyara ta zo. Na gani, na ce a raina in ta ji daɗin zama za ta aika a kawo.

To, ashe ana wata ga wata. Mu ma muna da tamu mussar, baƙa mai farin ƙirji, wadda ta shekara shida tana mulkin gidan. Gindin randa nata ne, inuwar dogonyaro tata ce, tabarmar sallata ma sai na roƙe ta take tashi. Ana buɗe kwandon Inna, jar ta sako ƙafa ɗaya waje, baƙar ta kumbura ta zama biyu, ta yi wani huci da ban taɓa jin irinsa ba. Kafin in ce a'uzu billahi sun dunƙule, gashi na tashi, kaji na gudu.

Haka muka yi mako uku. Baƙar ta tsare ƙofar ɗakin Inna, ta tsare hanyar kwanon abinci, har wurin da ake zagayawa ta hana jar zuwa. Jar ta rame, ta koma ƙarƙashin gado, ta fara fitsari a kan buhun gero. Ni da maiɗakina kuwa mun duƙufa hidimar Inna. A kai mata fura, a kai mata tuwo, in ta ɗauki tsintsiya a karɓe, in ta nufi murhu a ce, "Haba Inna, zauna ki huta." Muna ganin mun gama kyautawa.

Wata safiya ina ɗaura agogo zan tafi makaranta, na ji Inna daga ɗaki tana cewa, "Ke mussa, ci haƙuri. Mu baƙi muke, baƙo ba shi da wuri."

Raina ya ɓaci, wallahi. Baƙi? A gidan ɗanta? Na ce yau zan kashe wannan fitina, kuma da dabarar Inna kanta zan kashe ta. Muna yara in na yi faɗa da ƙanena, ba ta duka. Kwano ɗaya take zuba mana tuwo ta tura mu ɗaki ta ja ƙyaure, kafin mu suɗe kwanon mun shirya. Kowa a garinmu ya san waɗanda suka ci kwano ɗaya ba sa gaba. Ni ma a makaranta haka nake yi wa ɗalibai, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Maiɗakina ta ce, "Malam, anya? Waɗannan fa ba 'yan aji uku ba ne."

Na ce, "Ke dai zuba ido. Shekara ashirin ina sasanta 'ya'yan mutane, mussa biyu za su gagare ni?"

Na samo kindirmo mai kyau na zuba a kwano ɗaya, na kamo su na jefa ɗakin ajiya, na ja ƙofa na tsaya ina murmushi. Kai, jama'a! Sai ka ce an saki aljanu. Na ji tulun manja ya faɗi, na ji faranti na birgima, ga kuma wani kuka mai tsinka zuciya. Na buɗe da sauri na sa hannu in raba, baƙar tawa, wadda nake ci da ita, ta tsaga ni daga wuyan hannu har gwiwa. Jar ta fito kunne na jini, ta wuce ɗakin Inna a guje. Kindirmon kuwa ko lasa ba wadda ta yi, yana can a bango.

Inna ba ta dube ni ba. Ta ɗora mussarta a cinya tana shafa mata man shanu a kunne, a hankali ta ce, "Yi shiru. Ran kasuwa in mota ta zo, gida za mu tahi. Can ko ba komi, kowa da murhunai."

Kwana huɗu suka rage ranar kasuwa. Na zauna a zaure da hannu a ɗaure, tsoro ya kama ni sosai, don na san Inna ba ta magana biyu. In ta koma Lambara da wannan gwiwa, ba za ta sake dawowa ba, kuma ni na kore ta da wayona.

Maiɗakina ta kawo mini ruwa, ta zauna tana danne dariya. Ta ce, "Malam, kai da ka iya karatu, ba ka ji abin da ta faɗa ba? Kowa da murhunsa ta ce. Mussa tana girki ne?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Mako uku Inna tana gaya mini damuwarta ta bakin dabba, ni ina can ina shari'ar kyanwoyi.

Maiɗakina ta ci gaba, "A gonarku ta Lambara, me ya raba ku da maƙwabta?"

Na ce, "Gamba. Baba ya dasa ta a kan iyaka."

"Kun taɓa faɗa da su?"

"Ko sau ɗaya."

"To."

Washegari na hau babur na je na sayo zana na gamba guda huɗu. Muka kewaye kusurwar da ke bayan ɗakin Inna, muka bar ƙofa ta gefenta kawai. A ciki muka sa wa jar kwanonta da kaskon ruwanta, na zuba mata yashi a lungu, na kafa wani tsohon benci a jikin katanga don ta samu tudun da za ta hau ta hango gida. Kwanon baƙar muka mai da shi can gindin randa, inda ba za su haɗa ido suna ci ba. Maiɗakina ta roƙi tsohon ɗankwalin Inna, kullum ta goga wa jar a kumatu ta zo ta goga wa baƙar, ta sake komawa, wai don kowace ta saba da warin 'yar'uwarta. Sannan ta ɗauko duwatsu uku ta girka a tsakiyar wurin, ta ajiye itace da ƙaramar tukunya, ta leƙa ɗaki ta ce, "Inna, miyar kukata ba ta kai taki ba. Malam kullum sai ya yi mini gori."

Ƙarya take yi mini, amma ban musa ba.

Da la'asar dai muka ga hayaƙi na tashi daga bayan zana, ƙamshin daddawa ya cika gida. Jar ta fito ta hau benci tana lasar ƙafa. Baƙar ta zo ta tsaya daga waje ta yi hucinta, ta shinshina gamba, ta ga ba wanda ya kula ta, ta juya ta koma inuwarta. Ba su zama ƙawaye ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau in suka haɗu a tsakar gida kowace kauda kai take yi. Amma jini bai sake zuba ba, buhun gerona ma ya huta.

Ranar kasuwa na ƙi zuwa ko'ina. Na zauna a kan tabarma ina riƙe da littafi, ban karanta ko layi ɗaya ba. Mai motar Lambara ya tsaya a ƙofar gida ya danna oda. Inna ta fito tana dogara sanda, ba ƙulli a hannunta. Ta wuce tata mussar, ta zo har gindin dogonyaro inda baƙar ke kwance kusa da ƙafata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tsaya a kanta ta ce, "Ke baƙa, hwaɗa ma ubangidanki shi ce ma mai mota a ɗauko man turmina da tukwanena."

Na miƙe zan fita, sai ta ƙara da cewa, tana kallon mussar, "Ki kuma ce mai Allah shi yi mai albarka. Ashe yana ji."

Shekarata arba'in da bakwai a lokacin. Na fita wurin mai mota ina share ido da hannun da aka yakusa, ya tambaye ni lafiya, na ce masa hayaƙin murhu ne.