Tattabarun Hajiya Barakatu

Tana cikin tsince gero a faifai, tana ajiye tsakuwa a gefen tabarma kamar kowace safiya kafin ta hau bene, sai ta ji mota ta tsaya a bakin lungu, lasifika na magana da Larabci.

Hajiya Barakatu maƙwabciyata ce a unguwar Hindawiyya da ke Jidda. A Jidda aka haife ta, jikar alhazan da suka zo a ƙafa ba su koma ba. Ta tashi ba takarda, a gidan da ake koya wa yaro yin shiru kafin a koya masa sallama: in ka ji motar hukuma, ja sakata, kada ko tari. Daga baya ta sami iƙama, takardar izinin zama. Dukiyarta a duniya tattabaru ne a saman bene, zuriyar guda biyun da marigayi mijinta Na'ibi ya saya mata. Kowacce da sunanta. In ta kaɗa kwano, sai su sauko mata kamar an zazzage farin gajimare.

Bara zazzaɓin sauro ya kusa ɗauke jikarta Tahani. Barakatu da ƙafarta ta yi ta sintiri gidan umda, mai unguwarmu, tana roƙon a saka lungunmu cikin shirin feshin da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Aka saka.

Ranar feshin ce ta zo. Lasifika na cewa a rufe abinci, a zubar da ruwan da ke buɗe, a killace tsuntsaye. Larabcin ya zauna mata a baki tun tana yarinya, amma ranar kunnenta bai kama ko kalma ba. Ta ja sakata, ta durƙusa bayan ƙofa. Aka ƙwanƙwasa, aka yi sallama, aka sake ƙwanƙwasawa. Ta toshe baki da mayafi. Ma'aikatan feshin suka bi ta benen maƙwabta suka feshe rufin gidajen a jere, har kaskon ruwan tattabarun da ragowar hatsin jiya.

Da azahar 'yarta Zubaidatu ta dawo daga aiki ta hau bene yin shanya. Ihunta ne ya fito da mu. Tattabarun na kwance birjik, fukafukai a buɗe, wasu baki cikin kasko. Ko ɗaya ba ta motsi. Muka yi cirko-cirko, har salati ya gagare mu.

Muka sauko, Barakatu ta buɗe mana ɗaki ta mayar da sakata, ta koma ta zauna, faifan na cinyarta.

"Ya ummi, lesh? Don me, uwata?" in ji Zubaidatu. "Sun buga ƙofa, kowa ya ji! Iƙamarki tana cikin jaka, wa zai kama ki? Ke fa kika kira su!"

"Ni na kira su."

"To me ya hana ki buɗewa?"

"Jaka aka ba wa takardar, Zubaidatu. Ƙafafun nan ba wanda ya gaya musu."

Ta juyo gare ni. "Malam, har Fara mai ɗingishi?"

Na sunkuyar da kai.

Ta kalli geron ta ce, "Sauron fa? Ya mutu?"

"Ya mutu, ummi. Halas, ya ƙare," in ji Zubaidatu.

Ta ajiye faifan, ta ɗauki tsohon zanen Na'ibi daga kan akwati ta naɗe a hammata. Zubaidatu ta ce ta bari mu kwashe tattabarun. Ta zare sakata ta fita ta nufi bene, ta bar ƙofar a buɗe.