Gajere Mai Riƙon Igiya

Kafin mata su fito da tuluna, Gajere ya riga ya isa bakin rijiyar Kwaya. Ba ɗiban ruwa ke kai shi ba, don hannunsa yanzu in ya ja guga sai rabi ya zube. Zagaya bakin yake yi a hankali, ya dungura itacen da aka kafe ta da shi, ya leƙa, ya saurara, sannan ya nemi gindin gawo ya zauna. Matan har tsokanarsa suke yi, wai ya zo gaida amaryarsa. Shi kuma ya ce musu ita dai ba ta taɓa yi masa yaji ba.

Bana ya ajiye aiki. Daga Kwaya zuwa Mallawa, har can Guci inda Fulani ke shayar da shanu, da wuya ka sha ruwan rijiyar da bai sa mata hannu ba. Ƙasarmu rairayi ce, haƙa a cikinta sai wanda ya san halinta, kuma a ƙa'idar mahaƙa mutum ɗaya ne ke riƙe igiya a sama. In ya ce a shiga, a shiga. In ya ce a fito, ko ana ganin ruwa a fito. Gajere ya riƙe wannan igiya tun gemunsa na baƙi. Ba shi da rawani, ba a taɓa kiransa bariki an yaba masa ba, amma waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun san shugaba ne.

Akwai ranar da kowa ya sani, wadda ba a cika tayarwa a gabansa ba.

Lokacin aikin tilas ne. Nasara ya ce a haƙa rijiya a hanyar Dungas don raƙuman da ke ɗaukar gyaɗa, kuma a haƙa tun kaka. Gajere ya ce ƙasa ba ta bushe ba, a jira rani. Gardin da aka turo, wato ɗan sandan Nasara, ya ce shi ba a aiko shi jira ba. Aka fara. Ranar da abin ya faru mutum biyu ke ciki: Bunu, wani baƙo da aka kamo aikin daga gabas, yana ɗaure itace a tsakiya, sai Habu, ɗan farin Gajere, yana can ƙasa da dagi. Da hantsi gefe ɗaya ya zabtare.

Mutane suka taho a guje, kowa na son ya leƙa. Abu na farko da Gajere ya yi shi ne korar su da sanda, har da mai gari, don nauyin jama'a a bakin rijiya shi ke ƙarasa na ciki. Ya kwanta rubda ciki ya kira. Su biyun suka amsa. Bunu na kusa, ƙasa ta binne shi zuwa ƙirji. Habu kuwa itace ya gitta a kansa, muryarsa na fitowa daga nesa. Gajere ya zura igiya da madauki, Bunu ya sa a hammata, aka jawo shi da ƙyar, ƙafarsa ɗaya a karye.

Kafin a gama shimfiɗe shi, Ɗan Azumi, abokin Habu tun suna yara, ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu. Samari na bayansa, kowa na cewa shi ne na biye. Gajere ya ce su dakata. Ya ga wata tsaga ta bi bakin rijiyar, sai ya ɗebo ɗanyar laka ya shafe ta, kamar yadda yakan yi, ya tsuguna yana kallo. In lakar ta zauna, ƙasa ta tsaya. In ta tsage, ƙasa na tafiya. Ta tsage. Ya sake shafawa, don zuciyarsa ba ta so ta yarda. Ta sake tsagewa.

"Kwance igiyar nan," in ji Gajere.

Ɗan Azumi ya ce, "Baba, ba ka ji yana magana ba?"

"Na ji. Na fi ka ji. Kwance."

"Ni na yarda, Baba. Raina ne."

"Ranka ne, amma ni zan je in gaya wa uwarka. Ba mai shiga."

Wasu suka ce to shi ya shiga mana. Ya so, waɗanda ke wurin sun ga ya kai hannu ga igiyar. Amma ya san da zarar ya sauka ba wanda zai iya tsare samarin nan, duk za su bi shi. Sai ya sa su ja da baya su fara haƙo rami daga gefe, a karkace, ko Allah zai sa a cim ma Habu. Ya san aikin kwana biyu ne. Hinda matarsa, uwar Habu, ta iso, mata suka riƙe ta. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai dube shi ta ce, "Malam, ka bar su." Bai juya ba.

Gajere bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba, saboda kunyar ɗan fari. Kullum "kai" ne, ko "wannan yaron". Ranar ya rarrafa zuwa baki, ya ce, "Habu." Ya gaya masa da bakinsa cewa ba zai turo kowa ta sama ba, ya gaya masa dalili. Na kusa sun ji amsar. Habu ya ce, "To, Baba." Suka yi ta kalmar shahada tare, uba a sama, ɗa a ƙasa. Bayan la'asar rijiyar ta rufta gaba ɗaya. A nan aka yi masa salla, a nan kabarinsa yake.

Abin da ya fi ciwo shi ne tsawon lokacin da rijiyar ta yi ba ta rufta ba. Daga hantsi zuwa la'asar ai lokaci ne mai yawa, har yau akwai masu cewa da an shiga da an fito da shi. Mai yiwuwa ne. Gajere kansa bai sani ba, kuma bai taɓa yin kamar ya sani ba. Amma masu faɗin haka bayan la'asar suke faɗa. Shi da hantsi aka tambaye shi, laka na tsagewa a gabansa, ɗansa na kira.

Kai ne, Gajere, wanda ya duba sau biyu, ya yi magana sau ɗaya, bai kuma ɗora wa kowa ba. Ba ka ce gardi ne ba, ba ka ce Nasara ne ba, ko da yake kana da bakin faɗa. Da rani ya yi ka koma hanyar Dungas ka haƙa wata, don matafiya ba su daina jin ƙishi ba. Gajere na Hinda, mai jin maganar ƙasa.

Ranar da ya miƙa igiya, mahaƙa suka taru a ƙofar gidansa. Bunu ya zo da ɗingishinsa. Ɗan Azumi, wanda ya daɗe ba ya gaida Gajere, shi aka ba igiyar, ya karɓa yana hawaye. Hinda ba ta taɓa tayar da maganar ba tsawon shekarun nan. Ranar ta fito zaure da furar baƙi, ta ajiye, ta ce, "Malam, da ka bar su sun shiga, da ban yi fushi da kai ba ko na kwana ɗaya. Amma da ban iya haɗa ido da uwayensu ba." Ta koma ciki.

Mun gode, Gajere. Allah ya saka maka, ya jiƙan Habu. Ku kuma da aka ba riƙon mutane, ko gari ne ko gida, ku koyi korar taro daga bakin rami, ku duba kafin ku yanke, in kun yanke ku tsaya ku gaya wa wanda abin ya faɗa kansa da bakinku. In hanya ta bi da ku Kwaya ku tsaya ku gaida Gajere. Kada ku ce masa ya yi daidai, ya ji wannan har ya gaji, kuma bai taɓa rage masa komai ba. Ku dai zauna kusa da shi ku ɗan jima.